Na haƙura da hutun rana don in tashi da wuri, me ya sa aka ba ni takardar tuhuma?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ma'aikaciyar gwamnati ce, shekarata guda ke nan da fara aiki. Yawanci ba na fita hutun rana, nakan zauna in ci gaba da aiki, sai in tashi kafin lokaci da kamar minti 40. Kwanan baya kuma ɗana ya kwanta rashin lafiya, na yi kwana biyu ban je ba, amma na kira abokiyar aikina na ce ta faɗa wa shugabanmu. Yanzu an ba ni takardar tuhuma a kan duka biyun. Shin an yi mini adalci?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba yaron lafiya. Ba zan ɓoye miki ba, a kan tashi da wuri ba ki da hujja mai ƙarfi. A kan kwana biyun kina da uzuri, sai dai hanyar da kika bi wajen isar da shi ce ta ba ki matsala.

Abin da gwamnati ke biya albashi a kansa shi ne kasancewar ma'aikaci a bakin aikinsa daga ƙarfe kaza zuwa ƙarfe kaza, domin ofishin na jama'a ne. Mutumin da ya taso daga nesa don a sa masa hannu a takarda, ya iso saura rabin awa a tashi, bai san kin haƙura da abincin rana ba. Kujera kawai zai tarar babu kowa. Shi ya sa lissafin "ai na cika awoyina" ba ya tasiri a wurin hukuma, sai in tsarin wurin ya yarda da sassaucin lokaci, wato ma'aikaci ya zaɓi lokacin shigowa da na tashi cikin iyakar da aka gindaya. Shi ma wannan a rubuce ake amincewa da shi tun kafin a fara.

Mutane da yawa suna ɗaukar hutun rana kamar kuɗin ajiya, wanda in ba ka taɓa shi da rana ba za ka cire shi da yamma. Asalinsa kare lafiya ne. Tun 1919, yarjejeniyar farko da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta amince da ita a kan awoyin aiki take, inda ta ƙayyade awa 8 a rana da 48 a mako ga ma'aikatan masana'antu, saboda an ga yadda gajiya ke jawo haɗari da kuskure. Dokar Tarayyar Turai ta 2003 ta wajabta hutu ga duk wanda aikinsa ya wuce awa 6 a yini. A Birtaniya hutun minti 20 ne aƙalla, kuma an fayyace cewa a tsakiyar yini ake yin sa, ba a farko ko a ƙarshe ba. Kin ga ke nan, dabarar da kika yi an daɗe da hango ta an toshe. A Amurka ma ɗan gajeren hutu na minti 5 zuwa 20 yana cikin lokacin aiki, amma na cin abinci, rabin awa ko fiye, galibi ba a biyan kuɗinsa. A irin ofisoshinmu kuwa, wanda ya zauna a teburinsa yana aiki a lokacin ba tare da an sa shi ba, to sadaka ya yi wa ofis. Ni ma da nake sabon shiga na yi irin wannan sadakar, ina zaton ana lura, ashe rajistar sa hannu lokacin shigowa da na fita kawai ta sani.

Batun kwana biyun ya fi nauyi, don haka ki natsu a kansa. A aikin gwamnati rashin zuwa iri biyu ne: wanda aka ba da izini, da wanda ba a bayar ba. Na farko shi ne hutun shekara, hutun rashin lafiya, hutun haihuwa, da ɗan hutun uzuri na 'yan kwanaki. Na biyun shi ne fashin aiki, kuma ba a wasa da shi. A ƙa'idojin aikin gwamnatin tarayyar Najeriya, alal misali, yana cikin manyan laifuffukan da kan iya kai mutum ga kora. Abin da ke raba su biyun shi ne wa aka gaya wa, yaushe, kuma ina shaida. Girman uzurin yana zuwa ne daga baya.

Abokiyar aikinki ba ta da ikon ba ki izini. Saƙon baki kuma yakan ɓace a hanya, ko ya isa bayan an riga an rufe rajista an ja layi a gaban sunanki. Ko da shugaban ya ji ya ce "Allah ya sawwaƙe", ranar da na sama da shi ya tambaya, fayil za a buɗe. Da kin tura masa ko da saƙon waya ne da safiyar ranar farko, sannan kika kawo takardar asibiti ranar da kika dawo, da wuya a kai ga tuhuma. Ki kuma sani cewa hutun rashin lafiya a wurare da dama na ma'aikacin ne shi kansa. Wasu ƙasashe sun faɗaɗa shi: ma'aikacin gwamnatin tarayyar Amurka zai iya kashe har awa 104 a shekara, wato kwana 13, wajen jinyar iyali in ciwon bai yi tsanani ba. Inda babu irin wannan tanadi, jinyar yaro daga hutun uzuri ko na shekara ake cire ta, saboda haka ki je sashen kula da ma'aikata ki nemi su nuna miki abin da littafin ƙa'idojinku ya ce.

Takardar tuhuma tambaya ce, ba a kai ga hukunci ba tukuna, kuma amsarki za ta zauna a fayil ɗinki har lokacin da za a duba ƙarin girma. Ki mayar da ita cikin wa'adin da aka rubuta, don yin shiru laifi ne na daban. Ki taƙaita, shafi ɗaya ya isa. A kan tashi da wuri ki amsa cewa kin yi wa ƙa'idar mummunar fahimta kuma kin daina, kada ki tsaya kawo lissafin mintoci. A kan kwana biyun ki rubuta ranakun, ki haɗa da katin asibiti ko takardar likita, ki ambaci lokacin da kika aika saƙo, sannan ki roƙi a mayar da kwanakin cikin hutun da kike da haƙƙinsa. In akwai dalilin da ke sa ki son tashi da wuri kullum, kamar ɗauko yara, ki rubuta wannan buƙatar a takarda daban bayan ƙura ta lafa. Ki riƙe kwafin kowace, da hatimin wanda ya karɓa da kwanan wata.