Ga 'yar uwar da ta tambaya ko zaman magana yana maganin fargaba

Wa'alaikumus salam 'yar uwa. Kin ce kusan shekara guda ke nan zuciyarki ba ta hutawa da saƙe-saƙe, barci ya ƙaurace miki, an yi gwaje-gwaje ba a ga komai ba, likita ya tura ki wajen masaniyar halayyar ɗan Adam a yi miki CBT, wato jinyar gyaran tunani da ɗabi'a ta hanyar zaman magana, ke kuma kina mamakin yadda hira za ta warkar da faɗuwar gaba. Ni ma haka na ce, har takardar da likita ya tura ni da ita ta yi wata biyu a jakata.

Abin ya wuce hira, aiki ne, kuma mafi yawansa a gida za ki yi. Wani likitan ƙwaƙwalwa a Amurka, Aaron Beck, shi ya kafa hanyar a shekarun 1960, bayan ya lura marasa lafiyarsa akwai tunanin da ke faɗo musu a rai da kansa, su kuma su riƙe shi tamkar gaskiya.

Nawa tunanin a kan maigidana yake. Aikinsa yana yawan kai shi Abuja daga Kaduna. Idan na kira sau biyu bai ɗaga ba, wallahi na riga na ga tabarmin zaman makoki a ƙofar gida, har na fara lissafin kuɗin makarantar yara. Sai in yi ta kira, in kira ƙaninsa, in kira abokin aikinsa. Matar da ta duba ni ta sa na sayi littafi: in rubuta abin da ya faru, abin da zuciyata ta raya mini, kashi nawa cikin 100 na yarda da shi, sannan abin da ya auku daga baya. Na yi mata gardama sosai, na ce ai hanyar Abujar nan kowa ya san halinta, ba ƙirƙira nake yi ba. Ba ta musa ba. Tambayata kawai ta yi ko kira na goma sha biyar yana rage masa haɗarin hanya. Na rasa amsa.

Daga nan muka raba damuwar gida biyu, wadda akwai abin yi a kanta yanzu, da ta “idan kaza ya faru fa?”. Ta biyun aka ware mata minti 20 kullum bayan La'asar, ba dab da kwanciya ba. Duk wadda ta zo kafin lokacin, in rubuta in ajiye. Masanin nan Thomas Borkovec da abokan aikinsa suka fito da dabarar a 1983. Da farko dariya ta ba ni, amma idan La'asar ta yi sai in tarar rabin abin da na rubuta ya huce.

Mai wuyar shi ne daina kiran. Sanyin da nake ji idan ya ɗaga, ashe shi ke ciyar da ciwon, don zuciya ta koyi cewa sai an kira ake tsira. Satin farko hannuna har rawa yake, na kulle wayar a kicin. Tsoron yakan hau ya kai ƙololuwa, sannan ya sauka da kansa, abin da ban taɓa tsayawa na gani ba.

Masu ce miki ƙarancin tawakkali ne, ki yi musu uzuri, ba su ɗanɗana ba. Ban bar azkar ɗina ba ko na rana ɗaya.

Ki tabbatar cikin gwaje-gwajen an duba tayirod, wani sashen jiki da ke gaban wuya, don idan aikinsa ya yi yawa yana kawo bugun zuciya da rashin barci irin wannan. Kada kuma ki sayi ƙwayar kwantar da hankali ta diazepam a kemis, jiki yana sabawa da shi. Idan likita ya haɗa miki da magani, yakan ɗauki sati 4 zuwa 6 kafin ki ji canji.

Yawanci zama 12 zuwa 20 ake yi, sau ɗaya a sati. Ni na yi 14. Ki tambaya a asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna, Kware ko Maiduguri, ko asibitin Malam Aminu Kano. Ranar farko ki tambayi mai duba ki ko za a riƙa ba ki aikin gida.

Ba zan ce miki ya tafi kwata-kwata ba, yana leƙowa idan na gaji. Jiya ma maigidan ya tafi, shi ya kira ni da ya isa.