Amsa ga Yaya kan zaman wasan kwaikwayo da aka sa yaronta

Assalamu alaikum. Yaya, na ji saƙonki tun da safe, ina bakin aiki ne a asibiti shi ya sa sai yanzu. Kin ce tunda aka sako yaron nan daga hannun mutanen daji ba ya barci, magana ma sai an matsa masa, an ɗora shi a kan magani, sannan wadda take duba shi ta ce ya riƙa zuwa wani zama da suke yi duk mako na wasan kwaikwayo da zane. Kika ce wai magani ne ko ɓata lokaci. To ni ba wannan na ji a muryarki ba. Tsoro kike kada a tsayar da shi gaban mutane a ce ya maimaita abin da aka yi masa. Wannan zan amsa miki. Kawu kuma na ga abin da kuka rubuta, wai an mayar da asibiti Kannywood, ku yi haƙuri zan zo kanku.

Abin nan ba jiya aka fara shi ba. Wani likitan ƙwaƙwalwa ne, Jacob Moreno, ya soma shi a Vienna ta ƙasar Ostiriya wajen 1921, ya koma Amurka a 1925, a 1936 ya buɗe asibitinsa a garin Beacon na jihar New York, har da dandamalin wasa a ciki. A Ingila yau ba ka isa ka kira kanka mai yi wa mutane magani da wasan kwaikwayo ba sai ka yi karatun, hukuma ta yi maka rajista. Saboda haka sana'a ce mai ƙa'ida.

Yadda yake aiki kuwa, ke kin san yaranmu. Ɗa mai kunya ba zai taɓa kallon idon babansa ya ce, Baba me ya sa kuka daɗe ba ku kawo kuɗin ba, kun san dukana ake yi? Har ya mutu ba zai faɗa ba. Amma maganar tana nan a ƙirjinsa, ita ce take hana shi barci. To a irin wannan zaman sai a ajiye kujera babu kowa a kai, a ce ga Baba nan, faɗa masa. In ya gama, a ce tashi ka hau kujerar, yanzu kai ne Baba, ba shi amsa. Sai ki ji yaro da bakinsa yana cewa, ai gonar na sa a kasuwa, mai saye ne ya ƙi zuwa da wuri. Da ma ya san haka, amma sai da ya zauna a mazaunin uban sannan zuciyarsa ta karɓa. Wannan musayar matsayin ita ce ƙashin bayan aikin Moreno.

Amma, ki ji ni da kyau, ba da wannan ake farawa ba, balle ga wanda ciwonsa ɗanye ne. Wanda ya san aikin daga nesa yake somawa. A ba shi takarda da fensir mai kala ya zana abin da ya ga dama, ko a ƙirƙiri labarin wani yaro can daban a wani gari, shi ne zai faɗi abin da ya sami yaron, inda ya ga dama ya tsaya. Nisan nan shi ne kariyarsa. Kuma zaman hawa uku ne: a fara da abin da zai sa jiki ya saki, a shiga wasan, sannan a zauna a rufe, kowa ya faɗi sunansa, ya tuna cewa yau ranar kaza ce, ga shi a wuri kaza, ba a daji yake ba. Wannan na ukun shi ne 'yan gaggawa suke tsallakewa.

Shi ya sa har gobe raina yake ɓaci in na tuna wani abu da na gani a wani sansanin 'yan gudun hijira. Wata ƙungiya ce ta zo, ba zan kira suna ba, wai ranar walwalar yara. An kafa rumfa, an jera wa manyan baƙi kujeru, an raba ruwan roba. Sai aka fito da yara aka ce su nuna yadda aka shigo garinsu. Aka ba wasu sanduna a matsayin bindiga, aka naɗa musu rawani, wasu aka ce su kwanta su zama gawa. Yaya, yaran da a gabansu aka yi abin nan fa! Baƙi na tafi, waya ko'ina a sama ana ɗauka, wata har da share hawaye da gefen gyale. La'asar na yi suka shiga motocinsu. A daren nan wata yarinya kuka ta kwana yi, uwarta ta kawo mana ita da safe jikinta na rawa, ta koma fitsarin kwance da ta daina tun da daɗewa. Su kuwa na tabbata sun rubuta a rahotonsu cewa an yi wa yara kaza maganin damuwa. An tsaga ƙurji ne aka bar shi a buɗe ƙuda na bi. Kuma abin da ya fi ƙona min rai, da na yi wa shugabar tasu magana ce min ta yi ai kuka ma waraka ne. Wa ya gaya mata? Ita Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta ta ce kada a zaunar da wanda ya fito daga bala'i zama ɗaya a sa shi ya kwashe labarin duka, ba ya hana ciwon, wani ma ƙara masa yake. Hoton yaran nan kuma har a Facebook na gan shi, fuska a buɗe... kai, bari dai in bar maganar nan, in na biye mata sai in cika muku waya.

Ina nake? Yauwa, Kawu. Ku da kuka yi zaman Samaru kun san 'yan sashen wasan kwaikwayo na ABU tun shekarun 1970 suke shiga ƙauyuka suna wasa da manoma kan matsalar taki da bashi da ruwan sha. Wancan na wayar da kai ne, matsalar gari ake tattaunawa, wannan kuma na jinya ne, to amma hikimar ɗaya ce. Mu ma muna da ita. Da azumi ya kai goma yaro zai manna gemun auduga ya fito tashe, ya kwaikwayi dattijo, ya faɗi abin da in da rana tsaka ya faɗa sai ya sha mari, kowa ya yi dariya, saƙo kuma ya isa. Batun addu'a da kuka kawo, babu wanda ya ce a bari. Farfesa Lambo ma, likitan ƙwaƙwalwar da ya kafa tsarin jinya na ƙauyen Aro a Abeokuta a 1954, marasa lafiya a gidajen mutanen gari ya sauke su tare da danginsu, bai raba su da abin da suka yarda da shi ba. A yi masa addu'a, ya sha maganinsa, ya je zamansa. In cakuɗuwar maza da mata ce damuwarku, a tambaya, ana yin na maza zalla, ana kuma yi da mutum ɗaya.

Yaya, maganin nan dai kada a tsayar da shi don an fara zaman, likitan da ya rubuta shi kaɗai zai rage. Kuma binciken da aka yi kan wasan kwaikwayo da zane bai kai yawan wanda aka yi kan jinyar tattaunawa da ƙwararre ba, saboda haka ƙari ne, ba madadi ba. Ki je da kanki ki sami matar. Ki tambaye ta ina ta koyi aikin, su nawa ne a zaman, ana barin waya a ciki ko a'a. Ki tambaye ta in ya ce yau ba zai yi ba, kallo kawai zai yi, za a ƙyale shi? In ta ce dole kowa ya fito ya ba da labarinsa, ki ɗauke ɗanki. In ya dawo gida kuma kada ku tare shi da me kuka yi yau, me ka zana, kawo mu gani. Nasa ne, in ya so zai nuna. Barcinsa da cin abincinsa za ki sa wa ido. Kwana ɗaya ko biyu na rashin sukuni bayan zama yana faruwa, amma in abin ya zarce, ko ya fara maganar gara ya mutu, ranar za ki mayar da shi asibiti, kada ki jira ranar da aka ba ku.

Ana kirana a ɗakin marasa lafiya. Ki ɗauki hoton katin maganin ki turo min ni kaɗai, ba a nan inda kowa yake gani ba, in na tashi bayan isha'i zan kira ki.