Kun Tambaya, Mun Amsa: Jinkirin Haihuwa da Abubuwan da Muka Saba Yi

Wasiƙun wannan wata sun fi karkata ga neman haihuwa, sai muka ɗebo bakwai muka miƙa wa likitocin shafin. Ga ma'aunin da asibiti ke amfani da shi: ana cewa an samu jinkiri idan ma'aurata sun shekara guda suna saduwa babu tsarin iyali kuma ciki bai shiga ba. In matar ta kai shekara 35, wata shida kawai ake jira. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce kusan mutum ɗaya cikin shida yana gamuwa da wannan a rayuwarsa.

Tambaya: Ni direban tirela ne, Kano zuwa Legas. Shekararmu biyu da aure shiru. Ina shan taba, ina kuma haɗiyar tiramol saboda gajiya. Dangi sun ce in kai matata asibiti, tunda ni lafiyata lau, ruwana ma da kauri. Me kuka gani?

Amsa: Malam direba, ku je tare, kuma a fara da kai, domin gwajinka ya fi nata sauƙi da arha. Kaurin maniyyi ba ya nuna komai. Akwai mai ruwa mai kauri wanda babu ƙwayar haihuwa ko ɗaya a ciki, kuma ido ba ya rarrabewa sai na'ura. Ƙarfin saduwa daban, haihuwa daban.

Abu uku ka haɗa. Na farko zafi: an halicci maraina a waje ne saboda suna aiki a ƙasa da zafin jiki da maki 2 zuwa 4. Zaman sa'o'i a kujera kusa da inji, cinya a haɗe, da matsattsen gajeren wando, yana ɗumama su. Maƙera da masu gasa burodi ma haka suke fama. Ka sa wando sakakke na auduga, ka riƙa sauka kana miƙe ƙafa duk bayan awa biyu. Na biyu taba, wadda ke rage yawan ƙwayoyin da saurin tafiyarsu, hayaƙinta kuma yana cutar da ƙwan matarka in kana sha a ɗaki. Shisha da wiwi duk layi ɗaya ne. Na uku, wanda ya fi damun mu, tiramol. Shi da kodin suna danne saƙon da ƙwaƙwalwa ke aika wa maraina, sai sinadarin testosteron ya faɗi, sha'awa ta ragu, ƙwayoyi su yi ƙasa. In ka daɗe kana sha kada ka yanke dare ɗaya, likita zai tsara maka ragewa a hankali. Kada kuma wani mai kemis ya yi maka allurar testosteron da sunan gyara: idan jiki ya ga an kawo daga waje sai ya daina yin nasa, har maniyyi ya iya wayar gari babu ƙwaya.

Yadda ake gwajin: ka ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7, ka zuba duka a kwalbar da ɗakin gwaji ya ba ka, ba a kwaroron roba ba, ka kai cikin awa ɗaya a aljihun da ke jikinka. Ɗigon farko shi ya fi ƙwayoyi, in ya zube ka faɗa musu. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 yana neman aƙalla ƙwayoyi miliyan 16 a kowace mililita, kashi 30 cikin ɗari suna tafiya gaba. In sakamako ya yi ƙasa kada hankalinka ya tashi. Ƙwayar maniyyi tana ɗaukar kwana 74 kafin ta nuna, saboda haka zazzaɓi mai zafi da ka yi wata biyu baya zai iya ɓata gwajin yau. Haka kuma duk gyaran da ka fara ba za a ga amfaninsa ba sai bayan wata uku, lokacin da za a maimaita.

Tambaya: Mu uku ne a gidan, kwana bibbiyu muke yi. Al'adata duk kwana 32 take zuwa. Anya ba rabon kwana ne ke sa nake kuskure lokacin ba?

Amsa: 'Yar'uwa, bari mu yi lissafin tare. Ranar da jini ya fara zuba sosai ita ce rana ta ɗaya. Ƙwai yana fita kimanin kwana 14 kafin al'ada mai zuwa, ba kwana 14 bayan wadda ta wuce ba, kuma nan ne mata da yawa ke ruɗewa. Ki cire 14 daga 32, ya ba ki rana ta 18. Ƙwan ba ya wuce awa 24, amma maniyyi yana iya jira har kwana biyar a jikinki. Ke nan ranakunki shida ne, daga ta 13 zuwa ta 18, kuma biyu zuwa ukun da ke gab da fitar ƙwan su ne zinariya.

Da yake ku uku ne, zagayen gidanku kwana shida ne cif, don haka girkinki dole ya faɗo cikin waɗannan ranaku kowane wata, sai dai wani watan ya faɗo a gefe. Gidan mata huɗu ne zagayen ke kai kwana takwas, har a iya tsallake lokacin gaba ɗaya. In akwai fahimta tsakaninku, musayar kwana da yardar juna tana warware wannan. Alamar da za ki duba: ruwan gaba ya zama garau, mai yauƙi, yana jan zare tsakanin yatsu. In ya bayyana, lokacin ya yi. Sannan don maigida yana da 'ya'ya da uwargida ba hujja ba ce cewa yau ma lafiyarsa ƙalau. Shekaru, ciwon suga da ciwon sanyi suna canza namiji, shi ma a duba shi.

Tambaya: Ina yawan matsi da tsuguno kamar yadda ake koya mana, kuma sanyi ya ƙi rabuwa da ni. Ko yana hana ciki?

Amsa: Baiwar Allah, a nan za mu faɗa miki gaskiya ko da masu sayar da kayan mata ba za su ji daɗi ba. Gaban mace yana da ƙwayoyin halitta masu amfani da ke riƙe shi da ɗan tsami, su ne masu gadinsa. Alif, kanwa, miski, garin itatuwa da wanke ciki da sabulu ko Dettol suna kashe su. Matsewar da ake ji bayan alif bushewa ce da kumburi, fatar kuma tana tsattsagewa, cuta ta samu ƙofa. Bushewar ma kanta tana hana maniyyi tafiya, domin a cikin ruwan nan mai yauƙi yake iyo. Ruwa zalla a waje ya isa.

Kalmar sanyi kuma ta haɗa cututtuka da dama. Mai ƙaiƙayi da farin ruwa kamar kindirmo yana da takura amma ba ya toshe hanyar ƙwai. Masu toshewa su ne gonoriya da kilamidiya, waɗanda ake ɗauka ta saduwa, ba a masai ba kamar yadda ake yaɗawa. Kilamidiya takan zauna shiru babu wata alama, ta haura mahaifa, ta bar tabo a bututun da ƙwai ke bi. Daga nan sai rashin haihuwa ko ciki a wajen mahaifa. Abin da ke sa magani ya ƙi ci guda biyu ne: shan kafso barkatai na kwana biyu ba gwaji, da yi wa mace ita kaɗai. Dole a yi wa miji, a gidan da ke da kishiyoyi a yi wa kowa lokaci guda, a kuma dakata da saduwa na kwana bakwai. In ba haka ba cutar zagaye ɗakuna kawai take yi. Bayan an warke, hoton mahaifa da bututun ƙwai mai suna HSG, da ake ɗauka in jini ya ɗauke, kafin ƙwai ya fita, zai nuna ko hanyoyin a buɗe suke.

Tambaya: Kafin biki na sha maganin ƙiba. Yanzu nauyina kilo 85, al'ada sai ta yi wata uku ba ta zo ba, ga gashi a haɓa. Wata ta ce in sayi Clomid.

Amsa: Amarya, da farko ki kai wa likita kwalin abin da kika sha. Yawancin irin su sha-ka-fashe ɗauke suke da deksametason, wanda ke tara kitse da ruwa, ya tayar da suga da hawan jini, ya hargitsa al'ada. In har yanzu kina sha, shi ma ba a yanke shi kwatsam.

Alamominki sun yi kama da abin da likitoci ke kira PCOS, inda ƙwai ke fara girma amma ya kasa fita, sai dai sai an gwada jini an yi sikanin kafin a tabbatar, a kuma duba sinadarin maƙoshi (tayirod) da sinadarin nono. Ki auna kanki: ki ninka tsayinki a mita da kansa, ki raba nauyinki da abin da ya fito. In tsayinki mita 1.6 ne, 85 a raba da 2.56 ya ba da 33, alhali daidai shi ne 18.5 zuwa 24.9. Ba sai kin koma siririya ba. Rage kashi 5 zuwa 10 na nauyi, wato kilo 4 zuwa 8 a wurinki, yakan dawo da fitar ƙwai. Ki fara da abin sha: lemon kwalba, zoɓo da kunun aya masu suga, shayi mai kauri. Ki rage malmalar tuwo da shinkafa, ki ƙara wake, zogale, rama, kifi da ƙwai, ki yi tafiya mai sa gumi minti 30 sau biyar a mako, ko da a tsakar gida ne.

Clomid, maganin da ke sa ƙwai ya fita, ba na saye a kanti ba ne. Ba ya amfani in hanya a toshe take ko matsalar daga miji ce, yana ƙara yiwuwar tagwaye, kuma ba a cika wuce zagaye shida ana ba da shi ba. Abin da za ki iya fara sha yau shi ne folik asid, maikirogiram 400 kullum, don kare lakar jariri. Mai ƙiba irin taki ko mai suga likita kan ƙara mata.

Tambaya: Goro da shayi fa?

Amsa: Kaɗan ba laifi. Iyakar da ake ba mai neman ciki ita ce miligiram 200 na kafeyin, sinadarin nan mai hana barci, a rana, kusan kofi biyu zuwa uku na shayi. Goro ma yana da shi sosai, in kina ci ki rage shayin.

Tambaya: Na yi allurar tazara ta wata uku har shekara biyu, na daina wata bakwai ke nan. Ta kashe min mahaifa ne?

Amsa: A'a, Hajiya. Allurar tana jinkiri wajen barin jiki, mata da yawa sai kusan wata goma daga allurar ƙarshe suke samun ciki, wasu har shekara ta wuce. In kuma kina shayarwa dare da rana, wannan ma yana danne ƙwai.

Tambaya: Noman shinkafa nake a fadama, ni ke feshi da kaina, kuma tun ina yaro nakan ga jini a ƙarshen fitsari. Akwai alaƙa da rashin haihuwata?

Amsa: Malam, jinin nan alamar tsargiya ce, ba balaga ba ce kamar yadda ake gaya wa yara a karkara. Tsutsar tana shiga ta fata a ruwan fadama da kududdufi, ƙwayayenta su maƙale a mafitsara da hanyoyin maniyyi, a mata kuma a bakin mahaifa da bututun ƙwai. A gwada fitsarinka, wanda aka yi tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana ya fi nunawa. Maganinta firazikwantel ne, gwargwadon nauyin jiki. In maiɗakinka tana wanki ko ɗiban ruwa a can, ita ma a duba ta.

Maganin feshi kuma ta fata ya fi shiga. Ka sa takalmin roba, safar hannu, dogon wando da abin rufe hanci, ka ba iska baya, kada ka dama da hannu ko ka busa bakin famfo in ya toshe. Ka yi wanka da sabulu kafin ka ci abinci, a wanke kayan feshin daban da na gida. Masu gyaran batir da masu niƙa dutsen zinariya su ma su kula, domin gubar dalma, irin wadda ta yi ɓarna a Zamfara a 2010, tana lalata maniyyi tana kuma jawo ɓari. Bayan ka sha maganin tsargiya, ka ba shi wata uku sannan ka yi gwajin maniyyi kamar yadda muka bayyana wa direba.