Amsa: Me ya sa Indiyawa ke tururuwa zuwa Suwizalan?

Malam, ka tambaya ko da gaske fim ne ya jawo Indiyawa yawon buɗe ido a Suwizalan. Ƙwarai kuwa. A da can, Kashmir ake zuwa ɗaukar waƙoƙin soyayya saboda duwatsu da ƙanƙara. Da rikici ya tsananta a can wajejen 1989, sai masu shirya fim, musamman marigayi Yash Chopra, suka karkata zuwa tsaunukan Suwizalan. Fim ɗin Dilwale Dulhania Le Jayenge na 1995 ya ƙara zuga abin, har amare da angwaye suka riƙa zuwa ganin inda jarumai suka taka rawa.

Mutanen garin Interlaken na Suwizalan ba su yi butulci ba, a 2016 suka kafa wa Yash Chopra mutum-mutumi. Mu da muka taso da kallon Indiya, da yawanmu mun ɗauka duwatsun nan na Indiya ne!