Wai da kansu 'yan Afganistan ke komawa gida ko korarsu ake yi?

Tambaya: Malam, kullum sai in ji a labarai wai dubban 'yan Afganistan marasa takardu sun koma gida daga Pakistan. Su suka ga dama ko korarsu aka yi? Kuma su waye marasa takardun nan?

Amsa: To ɗan'uwa, a farkon Oktoban 2023 gwamnatin Pakistan ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama wa'adi zuwa 1 ga Nuwamba ya bar mata ƙasa, in ya ƙi a kama shi a kai shi iyaka. Hujjarta hare-haren 'yan TTP, wato ƙungiyar Taliban ta Pakistan, da ta ce daga Afganistan ake kitsa su, gwamnatin Taliban ta Afganistan kuma ta musanta. Mutumin da ya loda katifa da tukwane a babbar mota don kar 'yan sanda su buga masa ƙofa cikin dare, a lissafi za a ce da kansa ya tafi, amma ni dai ban ga ganin dama a nan ba.

Batun takardu kuwa, akwai masu katin PoR, wato shaidar rajistar 'yan gudun hijira, da aka yi wa rajista tun 2006, akwai masu katin ACC na 2017, wato katin shaidar ɗan ƙasar Afganistan da Pakistan ta bayar, sai waɗanda ba su da ko ɗaya. Kar ka ɗauka duk ta ɓarauniyar hanya suka shigo, wani kakansa ne ya gudo lokacin da Tarayyar Sobiyet ta mamaye Afganistan a 1979, shi a Peshawar ko Karachi aka haife shi, can ya yi aure ya buɗe shago, bai taɓa ganin Kabul ba, kawai rajista ce ta wuce gidansu. Wasu kuma bayan Taliban ta karɓi mulki a Agustan 2021 suka tsallako, bizarsu ta ƙare. Katin ma bai hana ba, don a Afrilun 2025 an juyo kan masu ACC. Pakistan dama ba ta sa hannu a yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta 1951 ba.

Yawanci ta mashigar iyaka ta Torkham ko ta Spin Boldak suke shiga Afganistan, inda IOM da UNHCR, hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya masu kula da ƙaura da 'yan gudun hijira, ke ba su ɗan abin kama hanya. Daga nan fa sai neman haya da aikin da babu, yarinyar da take sakandare a Pakistan kuma karatu ya tsaya, tunda Taliban ta hana mata wuce aji 6.