Asusun Zango da babbar kwatar Nima

Malam, bayan gaisuwa da fatan alheri, na ga tambayarka a kan kuɗin da ka ji an ce gwamnatin Gana tana ware wa Hausawa domin gyaran muhallinsu. Ka tambaya ko an mai da mu wata ƙabila ce daga cikin ƙabilun ƙasar, kuma idan har akwai kuɗin, me ya sa hotunan Nima, unguwarmu da ke Ankara babban birnin Gana, da ake yaɗawa ba sa nuna komai sai kwata cike da leda. Ba zan ɓoye maka ba, kashi na biyu na tambayar ya sosa mini rai, domin a bakin wannan kwatar aka haife ni, a nan kuma nake zaune da iyalina.

Abin da ka ji labarinsa shi ne Asusun Raya Zango, wanda majalisar dokokin Gana ta amince da dokarsa a ƙarshen 2017, zamanin Shugaba Nana Akufo-Addo, bayan an buɗe ma'aikata ta musamman mai kula da zanguna, wato unguwannin baƙi irin namu. Daga cikin ayyukan da aka ɗora masa akwai magudanan ruwa, da makewayi, da kwashe shara, da makarantu, da koyar da sana'a. Sai dai ba da sunan Hausawa aka kafa shi ba, da sunan unguwa aka kafa shi. A layinmu kaɗai akwai Dagomba, da Mosi, da Zabarmawa, da Kotokoli, da Fulani, da Yarabawa, da Kiristocin Frafra daga arewa, kuma Hausa ce kowa yake ciniki da gaisuwa da ita, shi ya sa baƙo yakan ɗauka dukanmu Hausawa ne.

Dalilin da ya sa aka bi ta unguwa shi ne abin da mutanen gida, can ƙasar Hausa, ba su cika fahimta ba. A nan kuɗi ƙasa yake bi, ƙasa kuma tana hannun kujerun sarauta da manyan gidaje na 'yan asali. Kundin tsarin mulki na 1992 ya tsara yadda za a raba kuɗin shigar da ake samu daga ƙasar kujera: ofishin da ke tarawa ya ɗauki kashi 10 cikin 100, abin da ya rage a ba kujerar kashi 25, masarauta kashi 20, majalisar gunduma kashi 55. Idan maganar kare daji ta taso, ko ta masu haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba da suka gurɓata kogin Pra da Ankobra, sarakunan Tonawa, wato Ashanti, da sauran masu ƙasa ake nema, domin su ne masu cewa a shiga ko kada a shiga. Mu kuwa Sarkin Zango yana da rawani, yana sasanta aure da gado, ana girmama shi a fadar Manhiya ta Kumasi, amma ba shi da taƙi ɗaya na ƙasar kujera, ba shi kuma da mazauni a Majalisar Sarakuna ta Ƙasa. Filin Sabon Zango da Malam Baƙo ya kafa a Ankara, daga hannun sarakunan Ga, 'yan asalin birnin, aka karɓe shi, haka ma Nima da Malam Amadu Futa ya fara zama a cikinta. Muhallin da ya rage mana mu kare shi ne kwata da bola da layin makewayi.

Game da ƙazantar da ka gani, ban ce ƙarya hotunan suka yi ba, amma ba su nuna inda ruwan ya fito ba. Babbar kwatar da ta ratsa tsakanin Nima da Mamobi tana kwaso ruwa da tarkace daga unguwannin da ke sama da mu, ta wuce da su zuwa kogin Odo. Daren 3 ga Yuni 2015, da ruwa ya haɗu da gobarar gidan mai a kusa da shataletalen Kwame Nkrumah har mutum wajen 150 suka rasu, ina tsaye a tsakar gidanmu ruwa ya kai mini gwiwa, ni da ƙanena muna ɗora buhunan shinkafar mahaifiyarmu a kan tebur, ita kuma tana riƙe da tukunyar wake a ka, ta ƙi saukewa, domin da asuba za ta fita sayar da abinci ko da me aka wayi gari. Matar da take wanke tukwanenta sau biyu kafin ta ɗora girki ba ita ta cika kwatar nan ba. Unguwa ce da aka bari ta girma ba tsari, gida mai ɗaki goma sha biyu ba makewayi ko ɗaya, yaro ya riƙe 'yan kuɗinsa ya bi layi tun kafin kiran salla.

Akwai kuma laifin tarihi a ciki. Sunan zango kansa masaukin ayari yake nufi, kuma kakanninmu da suka biyo hanyar goro ta Salaga sun daɗe suna gini irin na mai shirin tashi. A Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar, kuma tun daga ranar mutane da yawa suka daina zuba kuɗi a gidan da ba su da tabbas a kansa. Ƙanen kakana ya sayar da kayansa a wulaƙance ya hau mota zuwa Kano, bai sake dawowa ba. Kakana ya tsaya, kuma abin da ya tsayar da shi ita ce kakata, 'yar Ga daga Osu, wadda ta musulunta kafin aurensu, danginta suka zo suka zauna a ƙofar gidan suka ce wannan surukinsu ne, 'ya'yansa kuma jininsu ne.

Saboda haka idan na ji a gida ana cewa mun narke, mun auri 'yan ƙasa, mun zubar da asali, sai in tuna da tsohuwar nan. Ita ce ta koya mini dama koko da suyar ƙosai, ita ce take tashina zuwa makarantar allo da bulala a hannu. Gaskiya ne Hausarmu ta bambanta da taku. Da yawa daga cikinmu sukan ce “ya zo” ko da mace ake nufi, kuma da na je Kano gaida zuriyar ƙanen kakana, yara sun yi ta maimaita maganata suna dariya har na yi shiru. Amma a ƙasar nan ne Alhaji Umaru na Karaci, haifaffen Kano, ya zauna ya yi rubuce-rubucensa har ya rasu a 1934, kuma duk faɗin Gana abincin safe da kowa yake nema, wato “Hausa koko”, sunanmu yake ɗauke da shi.

Shi asusun ya yi wasu ayyuka, ba zan hana shi yabonsa ba: an gina ajujuwa, an haƙa rijiyoyin burtsatse, an kafa fitilun titi, an shimfiɗa filayen ƙwallo masu ciyawar roba. A ganina dai da an fara da magudanan ruwa kafin filin ƙwallo, domin kwalarar 2014 da ta kashe sama da mutum 200 a ƙasar nan unguwanni irin namu ta fi yi wa ɓarna. A 2021 aka rushe ma'aikatar zangunan, aka mayar da asusun ƙarƙashin fadar shugaban ƙasa. Akwai kuma bashin dala miliyan 200 da Bankin Duniya ya amince da shi a 2019 domin magance ambaliya a yankin kogin Odo, kuma Nima tana cikin unguwannin da aka zaɓa. Mu a kwamitin layinmu mun kai takardar neman a rufe mana ƙaramar kwatar da ta bi ta bayan masallaci sau uku, a wani ofishi da ba sai na ambace shi ba, kullum a karɓe mu da fara'a a ce mu dawo.

Kafin a kira mu, aikin gayya muke yi. Liman yakan yi sanarwa ranar Juma'a, Asabar da sassafe matasa su fito da shebur da manjagara, mata su kawo koko, kowane gida ya ba da abin da ya sawwaƙa na sidi, kuɗin Gana, domin a biya mai aboboya, wato babur mai ƙafa uku da ke kwashe shara zuwa bola. Maƙwabcinmu Kirista shi yake riƙe da littafin kuɗin, domin shi ya fi mu iya lissafi. A watan jiya mun fitar da lodi bakwai daga bayan masallacin, kuma mun riga mun sa ranar da za mu koma kafin ruwan Yuni ya sauko.