Amsa ga mai shirin jan tirela da a-kori-kura a Amurka

Ɗan'uwa, ka ce in Allah Ya kawo ka Amurka kana son sayen a-kori-kura ka riƙa jan ƙaramar tirela, kana tambayar na'urar da ake sa wa motar don ta riƙa kama birkin lantarki na tirelar. To fara duba motar tukuna. Da yawa daga sababbin Ford F-150, Ram da Silverado da ita suke fitowa daga kamfani. Wasu kuma an bar musu soket a ƙarƙashin dashbod, wayar da ta dace da motar kawai za ka saya ka jona. Idan birkin tirelar irin mai kama kansa ne da turin nauyi, kamar na tirelar haya da ta kwalekwale, ba ka bukatar na'urar. A jihohi da dama doka ta wajabta birki ga tirelar da nauyinta ya kai fam 3,000, wasu ƙasa da haka, don haka karanta dokar jiharka.

Na'urar iri biyu ce. Mai arha tana tura wuta ne da ƙarfin da ka saita mata, ko a hankali ka taka ko da ƙarfi. Ɗayar tana auna yadda motar ke rage gudu, ta ba tirela daidai gwargwado, irin su Tekonsha Prodigy P3. Ita nake ba ka shawara, don mai arhar tana fizgar mota a cunkoso, tana kuma cinye birki.

Wayoyi huɗu ne. Baƙa ta tafi ƙafar batir mai wuta, ta bi ta katse-wuta mai maida kansa na amp 20 (ko 30 in tayoyi masu birki sun kai shida). Kada ka sa fis a nan, in ya ƙone a gangare ka rasa birkin tirela ke nan. Fara ta tafi nagetif ɗin batir kai tsaye, ba jikin bodi ba. Ja ta haɗu da makunnin fitilar birki, ɓangaren da wuta ke zuwa sai an taka. Shuɗiya ta wuce baya zuwa soket mai baki bakwai da ake jona wayar tirela, da waya mai kauri, lamba 12 ko 10 a ma'aunin kaurin waya na Amurka. Ka kiyaye ƙwarai: in ka juya baƙa da fara, na'urar ta ƙone nan take.

Ɗaure ta da kyau inda hannunka zai kai ba tare da ka sunkuya ba, tana fuskantar inda mota ta dosa, nesa da gwiwarka da jakar iskar da ke kare direba a hatsari. In tana rawa, awonta ya lalace.

Sai saiti. A busasshen titi mai shimfiɗa, kana gudun mil 25 a awa, ja maɓallin hannu da ke jikin na'urar, mai kama birkin tirela kaɗai. In tayoyin tirela sun kulle, rage ƙarfin wutar. In ba ka ji ta riƙe motar ba, ƙara. Duk lokacin da nauyin kaya ya canza, sake saitawa, ka kuma duba cajin ƙaramin batirin da ke kama birki idan tirela ta tsinke.